Hoton Inna Domin Mutumen Abijan

Yanzu na kai shekarun da nake neman tabarau alhali yana bisa hancina, kuma sunayen ɗalibai na shiga ta wannan kunne su fice ta wancan. Amma akwai abu guda da na tabbata mantuwa ba za ta ci shi ba har a kai ni kushewa, shi ne daminar da na yi ina bin mahaifiyata da na'urar ɗaukar hoto tana juya min ƙeya.

Ni malamin lakkwal ne, wato makarantar boko, a Madawa, shi ya sa kowa ke kirana Mushe, yadda ake kiran malami nan da Faransanci. Garinmu wani ƙauye ne can bayan Tamaske, cikin duwatsu, inda waya ba ta kama rezo sai ka hau tudu. Wata shekara wani maƙwabcina ya dawo daga biɗa, wato ci-rani, a Libiya da na'urar hoto, wadda mu nan muke ce wa aparai, ya yi ta yawo da ita bai sami mai saye ba. Ni da ƙaiƙayin hannu na karɓa. Niyyata in riƙa ɗaukar yarana suna wasa, in ɗauki gonakin albasa da yamma, in sami abin da zai raba ni da alli da hayaniyar aji. Ashe wahala na saya da kuɗina.

Ba a yi wata biyu ba duk dangi suka ji labari. Suna, Mushe. Ɗaurin aure, Mushe. Wani ya sayi moto, Mushe. Har kawuna ya taɓa aiko a kira ni tun daga Madawa, na zo a guje ina tsammanin rashin lafiya ce, ashe rumbunsa ne ya cika yana so a ɗauke shi a gabansa, ɗiyansa da ke Legas su gani. Ka san ƙasarmu, da wuya ka shiga gida ba ka tarar da wani nasu ya tafi biɗa ba, kuma kowa so yake na can ya gan shi cikin sabbin tufafi. In na ɗauka sai na koma Madawa in juye a kwamfuta, sannan in aika ta waya. Godiya kuwa? Wace godiya! Wannan ta ce na maida ta baƙa, wancan ya ce na ƙara masa tumbi. Na sha yin rantsuwa zan sayar da abin nan, sai in tuna tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, in rataya jaka in hau moto, wato babur ɗina.

Mu bakwai innarmu ta haifa. Ni ne auta, kuma an yi min gatan auta har ya yi yawa: da gemuna Inna ke ɓoye min ƙanzo, ta zauna tana zagina cikin dariya ina ci. Yayanmu na fari kuwa bai san wannan ba. Ɗan fari ne, kuma Inna ta tsohuwar tarbiyya ce. Tun da aka yaye shi aka kai shi ɗakin kakarmu, can ya girma. Ba ta taɓa faɗin sunansa ba, ba ta taɓa zama tabarma ɗaya da shi ba, in ya gaishe ta sai ta amsa tana kallon bango. Da ya tafi Abijan yana saurayi, ya kafa tebur, ya yi aure can, sai ta sami abin kiransa: mutumen Abijan. Mu duka mun tashi mun ga haka, ba wanda ya taɓa ganin abin mamaki ne.

Ana gab da ba mu hutun damina ya kira ni. Muryarsa ta canza, kamar mai magana daga cikin rijiya. Na riga na san ciwon ƙoda ya kama shi, amma ranar ce ya gaya min gaskiya: likitoci sun ɗaure shi da injin wankin jini, ba shi da halin yin doguwar tafiya, kuma bai ga alamar zai sake ganin ƙasarmu ta Adar ba. Na soma yi masa irin maganganun nan na ƙarfafa zuciya, ya katse ni.

"Auta, bar wanga. Buƙata guda gare ni. Hoton Inna nike so."

Na yi dariya, na ce wannan ai ruwa ta sha. Hotunan Inna sun fi na kowa yawa a wajena, domin ita ba ta gudun aparai, har gyara kallabi take yi. A ranar na zaɓi masu kyau na tura masa. Washegari ya sake kira.

"Na gani, Allah shi yi ma albarka. Amma waɗanga naka ne. Dariyar da ke ciki taka ce, na san ta, daga nesa nike ganinta tun muna yara. Ni nawa nike so. Wanda za ta zamna, ta san ni za a kai ma, ta dubo."

Na ce masa ya ɗauka an gama. Wallahi da na san abin da na yi alkawari da ban yi saurin baki ba.

Zuwana na farko na tarar da ita tana tsintar wake a ƙofar ɗaki. Muka gaisa, ta ba ni fura, ta tsokane ni cewa na rame matata ba ta iya tuwo ba. Na fito da aparai, nan da nan ta kai hannu ga kallabi. Sai na ce, "Inna, wanga na Yaya ne, shi ya roƙa." Hannun ya tsaya. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta juya, ta ci gaba da tsintar wakenta kamar ban yi magana ba. Na ce mata ba shi da lafiya. Ta ce, "Allah shi ba da sauƙi." Na ce ciwon ya yi tsanani. Ta ce, "Allah na nan." Daga nan ta tambaye ni ko an yi ruwa a Madawa.

Haka aka soma. Duk wanda ya san hanyar Madawa zuwa Buza zuwa Keita da damina ya san ba hanyar da ake bi don nishaɗi ba ce. Jar ƙasa, ramu, dutse, ga koramu da in sun kawo sai ka zauna bakin gaɓa kai da masu jakuna kuna kallon juna har ruwa ya janye. Na bi ta daminar nan har na daina lissafi. Bayana ya riƙe, moto ya soma wani kuka da bakanike ma ya kasa gane kansa, matata ta ce in dai zan koma ƙauye da zama in faɗa mata ta san inda dare ya yi mata. Kowane zuwa da sabuwar dabara. Na ce zan ɗauke ta a moto mu je Tamaske inda akwai rezo su ga juna ta waya, ta ce ƙafarta na ciwo. Na tara jikoki na ce hoton gida ne gaba ɗaya, ta dube ni ta ce, "Gidan har da na Abijan?" ta shige ɗaki. Na sa limamin garinmu ya yi mata magana, ta saurare shi da ladabi har ya gama, ta ce ta gode, ta aika masa da ƙwai.

Da na gaji sai na yi ta ɓarayi. Na laɓe bayan rumbu na ɗauke ta tana ba awaki dusa, fuskarta ta fito sarai, haske ya zauna daidai. A cikin duk hotunan da na taɓa ɗauka ban ga wanda ya kai shi kyau ba. Na koma Madawa na tura ina jin kaina. Amsar Yaya ba ta da tsawo.

"Ka sato ta ne, auta. Awaki take kallo."

Ranar na zauna a ƙofar gida na riƙe kai. Na ji haushinsa, na ji haushinta, na ji haushin maƙwabcin da ya kawo aparai daga Libiya. Mutum yana kwance rai a hannun Allah amma sai ya zaɓi irin hoton da za a kai masa! Ita kuma ɗanta na cikinta, kallo ɗaya ya gagara! Ni da ba ni na ƙirƙiro kunyar ɗan fari ba, ni ke tsakiya ina cin ƙurar hanya.

Zuwan da na yi cikin watan da gero ke fitar da kai shi ne wanda na yi ɓaranɓarama. Korama ta tsare ni wajen Buza tun hantsi har la'asar, na iso a jiƙe, taɓo har gwiwa, cikina babu komai. Kwana biyu kafin nan matar Yaya ta gaya min ya daina iya tashi zaune sai an tallafe shi. Na tarar da Inna tana daka tare da gwaggona, ƙanwar mahaifinmu marigayi, wadda ke zaune gidan. Ko gaisuwar kirki ban yi ba na buɗe baki.

"Inna, wai shin ba ke kika haihe shi ba? Mutum na mutuwa, kallo guda ya roƙa, ba gona ba, ba saniya ba! Wace irin kunya ce wagga da ta hi rai? In ya mutu bai gani ba, ki san ke kika hana!"

Taɓarya ta tsaya. Inna ta jingine ta a jikin turmi, ta share hannu a zane, ta shiga ɗaki ta saki labule. Tun da nake ban taɓa ɗaga mata murya ba sai ranar. Gwaggo kuwa ta kama min kunne, ni da ke da ɗiya sun kai aure, ta ja ni bayan gida kamar ɗan akuya.

"Kai dai boko ya cinye ma hankali," in ji ta. "Kana tsammanin dutse ce? Tun da aka ce ciwo ya kama shi, ka ga ta ci tuwo ta ƙoshi? Ni ke kwana da ita, ni na san abin da nika ji. Shekara nawa tana riƙe da abin ga, duk garin nan ana misali da ita, yanzu kai ka zo da ƙarhenka ka ce ta zubar gaban jama'a? Ka toshe mata ƙohwa sannan kana mata ihu ta hito!"

Na ce, "To Gwaggo, ya zan yi?" Ta ce ita ma ba ta sani ba, amma dai in je in wanke taɓon nan, kuma in ba uwata haƙuri. Na je bakin labule na durƙusa na ba da haƙuri. Daga ciki Inna ta ce, "Akwai tuwo cikin kwano." Shi ke nan abin da ta ce.

Na yanke shawara da safe zan koma, in kira Yaya in ce masa na kasa. Da yamma, bayan an yi magariba, mutanen gida suka taru kamar yadda aka saba in na zo, don in kunna musu saƙonnin murya da 'yan biɗa suka turo ta wayata. Duk sanda muryar Yaya za ta fito Inna kan tashi ta koma bayan zana, wai tana da aiki. Ranar ma haka ta yi. Sai dai saƙon ba nasa ba ne. Ɗansa ne ƙarami, wanda aka haifa can, bai taɓa zuwa Adar ba, ya ɗauki wayar uwarsa yana surutu. Hausarsa duk ta cakuɗe da Faransanci. Ya gaida ni, ya ce in sayo masa raƙumi, sannan ya ce wai an gaya masa yana da mata tsohuwa a ƙauye, shi bai yarda ba, in da gaske ne me ya sa bai taɓa ganinta ba, ko mummuna ce ake ɓoye masa?

Gida ya kwashe da dariya. Kowa ya san wasan jika da kaka, ita matarsa ce, shi mijinta. Sai muka ji murya daga bayan zana.

"Wane mijin banza ne wanga? Ko goro bai taɓa aiko min ba, zai ce min mummuna? Hausa ma bai iya ba!"

Aka ƙara fashewa. Ni dai ban yi dariya sosai ba, gajiya ta hana ni, kuma ban ga komai cikin maganar ba. Na je na kwanta da ciwon baya.

Da safe ina ɗaure jaka a bayan moto, Gwaggo ta zo ta taɓa ni ta ce, "Uwarka na kira." Na shiga tsakar gida na tsaya cak. Inna na zaune bisa kujerar katako a gindin itacen bedi. Ta ɗaura zanen da ba ta fito da shi sai ranar Salla, ta sa kwalli, ta sa 'yan kunnen azurfa da ban sake gani ba tun rasuwar mahaifinmu. Ta kori yara duka waje. Ba kowa sai ni da ita da Gwaggo.

"Mushe, ɗauko ƙarhen naka," in ji ta. "Ka ɗauke ni ka aika ma mijin nan nawa marar kunya, shi ga ko mummuna ce."

Na buɗe baki zan ce wani abu, Gwaggo ta taka min ƙafa. Na fito da aparai, na durƙusa a gabanta, na kai ido.

Ina tsammanin za ta yi dariyar nan da ta saba yi min, ko ta yi fuskar tsokana tunda wai jika za a kai wa. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta ɗora hannuwa bisa gwiwa, ta ɗago kai, ta dubi idon aparai kai tsaye. Jama'a, ni ne autanta, na sha nononta har na yi wayo, na san fushinta na san murnarta, amma wannan kallon ban taɓa ganinsa ba. Ba nawa ba ne. Leɓenta na rawa kaɗan, idanun sun cika amma ba ta bari ko ɗigo ya sauko ba. Ta dube shi kamar yadda ake duban jariri ranar da aka miƙo shi. Ni ma idona ya rufe da ruwa, na danna ban san me na danna ba.

Da na duba sai na ga hoton ya fito dishi-dishi. Ni da nake taƙama da iya aiki! Na ce, "Inna, tsaya, bai yi kyau ba, bari in sake." Ta riga ta miƙe tana cire 'yan kunne.

"An yi," in ji ta. "Awakina ba su ci ba."

Ban san yadda na kai Madawa ba ranar. Allah Ya taimake ni koramu sun janye. Ko takalmi ban cire ba na juye hoton na tura, na rubuta a ƙasa cewa Inna ta ce a kai wa mijinta. Na zauna ina jira, na san in ya ce wannan ma bai yi ba to ba ni da sauran dabara. Can sai saƙon murya ya shigo. Na kunna, ba magana, sai numfashi da ƙarar wani inji. Har na ɗauka kuskure ne. Sai na ji shi.

"Ta tsuhwa. Auta, ni take kallo."

Matarsa ta gaya min daga baya cewa ya sa an wanke masa hoton a takarda, an jingine a inda zai riƙa gani daga gado. Yaron kuwa ya kalla sau ɗaya ya ce matar tasa ba laifi, ya koma wasansa.

Yaya bai kai kaka ba. Ana gab da soma yankan gero aka kira ni, ni kuma na sake hawa moto na bi hanyar nan don kai labari. Aka yi zaman makoki, mata na kuka, ƙannensa na kuka. Inna ba ta yi ba, domin uwa ba ta kukan ɗan fari a gaban mutane. Tana zaune a ƙuryar ɗaki da carbi, kowa ya yi mata gaisuwa ta ce, "Sai haƙuri," kamar ita ce ta zo yi wa wasu ta'aziyya.

Sai ranar da zan koma, na shiga yi mata sallama, ba kowa a ɗakin. Na durƙusa, ta sa min albarka. Har na kai ƙofa ta kira ni.

"Mushe. Mijin nan nawa ya ga hoton?"

"Ya gani, Inna."

Ta ja carbi ɗaya, biyu. Ba ta dube ni ba.

"Shi kaɗai?"

"Da ubansa suka gani. Hoton na gehen gadonsa har ranar."

Ta ce, "To, madalla." Sai ta juya fuska ga bango, ta ja mayafi ta rufe kai, kafaɗunta suka soma girgiza. Na saki labule a hankali na fita, na tsaya a bakin ƙofa na hana kowa shiga.

Har yau ina ɗaukar hoto, har yau dangi na damuna, har yau ba wanda ya ce na gode. Ban kuma ce kunyar nan ta yi daidai ba, domin na ga abin da ta ci a jikin mutum biyu, kuma ni ɗiyata ta fari da sunanta nake kiranta. Amma abin da daminar nan ta koya min shi ne, shirun mutum ba shi ne rashin sonsa ba. Na ƙare wata da watanni ina dukan bango ina cewa babu kowa a ciki, alhali mai ɗakin na tsaye tana neman ta inda za ta fito ba tare da ta zubar da abin da ta rayu a kansa ba. In kana son abu a wurin tsoho, kada ka tsare shi da hujja. Ka bar masa 'yar ƙofa, in ya zo wucewa kuma ka kawar da kai kamar ba ka gani ba.